Layin Wuta Ya Ratsa Filina: Zan Iya Sa Kotu Ta Cire Shi?

Tambaya: Lauya, na sayi fili, takarduna cikakku ne. Babban layin wuta ya ratsa ta gefe guda, ga shi kamfanin ya ce in dakatar da gini a wurin. Zan iya maka su a kotu su kwashe turakunsu?

Amsa: Malam, ban ga takardunka ba, kuma doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka wannan haske ne kawai. Amma akwai gyara a lissafinka. Takardar mallaka ba ta ba ka ikon yin yadda ka ga dama da kowane taku na filin ba. Idan layin ya riga ka zuwa, galibi kamfanin na da haƙƙin ratsawa, kuma haƙƙin nan filin yake bi. Duk wanda ya saya, da shi ya saya.

Filin naka ne har gobe, sai dai a zirin filin da layin ya bi babu gini, babu dogayen itatuwa, kuma ma'aikatansu na iya shiga gyara ko sare reshe. Faɗin zirin ya danganta da ƙarfin layin: a wasu ƙasashe mita 30 ne ga layin 132kV (kV ma'aunin ƙarfin wuta ne), mita 50 ga na 330kV. Kada ka raina wannan tazara. Babbar wuta na iya tsallakowa ba sai an taɓa waya ba, kuma waya na saki ta yo ƙasa idan ta ɗau zafi.

Diyya kuwa, yawanci wanda ke riƙe da filin lokacin da aka ja layin ake biya. Mai yiwuwa kana da magana da wanda ya sayar maka, amma turke ba a ɓoye yake ba, alƙali zai ce da idonka ka gani. Da bututun ruwa ne ko na gas a binne, da maganar ta fi ƙarfi.

Ban cika ganin amfanin kotu a nan ba, domin da wuya alƙali ya sa a tumɓuke layin da jama'a ke shan wuta da shi. Ka tsayar da ginin, safiyo ya auna, sannan lauyanka ya nemi kamfanin ya nuna takardar izininsa a rubuce. Sukan yi jan ƙafa, kada ka yarda da amsar baki. Idan sun zarce iyaka ko izinin da matsala, ka nemi diyya a zaman sulhu. In ƙaramin layi ne, sukan yarda su matsar, amma galibi daga aljihunka.