Fatawa: Shin Ƙaddarar Mutanen Viking Ɗaya Ce da Tamu?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibin tarihi ne, an ba mu aiki a kan addinin mutanen arewacin Turai na da, waɗanda ake kira Viking. Na ga suna yawan cewa ajalin mutum a rubuce yake, ba mai tsere masa. Wani abokina ya ce ashe su ma sun yi imani da ƙaddara kamar mu. Maganarsa daidai ce? Ya halatta in ci gaba da karanta labaran gumakansu? Sannan akwai wata manhajar waya da ake jefa tsoffin haruffansu ta faɗa wa mutum abin da zai same shi, wasu a ajinmu suna yi don wasa.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Maganar abokinka ba daidai ba ce, ɗana, ko da yake na ga inda ya ruɗe. Hukunci a kan abu sai an san shi, don haka mu fara da abin da mutanen suke faɗa.

Yawancin labaran nan a Aisland aka rubuta su, bayan ƙasar ta karɓi Kiristanci wajajen shekarar 1000. Wani Snorri Sturluson, shi ma Kirista, ya tattara da yawa a littafinsa Edda wajajen 1220. A cikinsu an ce akwai wata ƙatuwar bishiya mai suna Igdirasil da ke riƙe da duniyoyi, a gindinta akwai rijiya, a bakin rijiyar kuma wasu mata uku da ake kira Norn: Urd, Berdandi da Skuld. Su ne wai ke yanke wa kowane jariri kwanakinsa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Hukuncin nan bai bar gumakan nasu ba. Odin, babbansu, ya ba da idonsa ɗaya don ya sha ruwan hikima, ya rataye kansa a bishiyar dare tara don neman sani, ya gano cewa a ranar ƙarshen duniya, da suke kira Ragnarok, wani kyarkeci mai suna Fenrir zai haɗiye shi, kuma bai iya hanawa ba. Tor mai guduma zai kashe babban maciji, ya yi taku tara, dafin ya kayar da shi. Da Balda ɗan Odin ya yi mafarkin mutuwarsa, uwarsa Firig ta bi wuta da ruwa da ƙarfe da duwatsu da cututtuka tana rantsar da su kada su cutar da ɗanta. Ta raina kauci, ta ce ya yi ƙanƙanta a rantsar da shi. Da kaucin aka jefe shi ya mutu. Abin bauta da ake yi wa zaman makoki, ai shi ne abin tausayi.

Ka ga a wurinsu ƙaddara wani iko ne da ke saman abin bauta, ba ya jin roƙo, ba ya jinƙai. A wurinmu ƙaddara aikin Allah ce, ba abin da ke samansa. Ya sani tun fil azal, ya rubuta, ya so, ya halitta. Waɗannan su ne matakai huɗu da malamai ke ambata. Ya ce a suratul Ƙamar, aya ta 49: “Lallai mu, kowane abu mun halitta shi da ƙaddara.” Muslim ya ruwaito cewa Allah ya rubuta ƙaddarorin halitta shekara 50,000 kafin ya halicci sammai da ƙasa. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san lafazin Ibn Abi Zaid: imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, zaƙinta da ɗacinta, duk Allah Ubangijinmu ne ya ƙaddara.

In ana neman wanda aƙidarsu ta yi kama da tasa, Larabawan jahiliyya ne, da suka ce “ba abin da ke halaka mu sai zamani” kamar yadda ya zo a suratul Jasiya, aya ta 24. Allah ya ce ba su da wani ilimi a kan haka, zato kawai suke yi.

Bambancin yana fitowa har a aiki. Jaruminsu da ya san ba makawa, burinsa ya mutu da takobi a hannu, a riƙa waƙe sunansa. Shi kuwa Sayyidina Umar, da ya doshi Sham aka ce masa annoba ta ɓarke, sai ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce i, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai su kiwo, da ƙaddara ya kai su. Musulmi yana shan magani, yana addu'a, yana shuka, domin Annabi (SAW) ya ce ku yi aiki, kowa an sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa.

Karatun kuwa ya halatta ga wanda ya san aƙidarsa. Hakaito kafirci ba kafirci ba ne. Alƙur'ani da kansa ya kawo maganar Fir'auna. Ibn al-Kalbi ya rubuta littafi sukutum a kan gumakan Larabawa, Biruni ya yi a kan addinin Indiyawa. Kai, ɗaya daga cikin tsoffin bayanai a kan waɗannan mutane ma Musulmi ne ya bar shi: Ahmad ibn Fadlan, da Halifa Muƙtadir ya aika yankin kogin Bolga, ya gamu da fatake da ake kira Rus a 922. Ya ba da labarin yadda ɗayansu ke zuwa gaban wani dogon gungume mai fuskar mutum, ya ajiye gurasa da nama da albasa da madara da giya, yana roƙon a kawo masa mai saye mai dinare da yawa. Ya gani, ya rubuta, imaninsa bai girgiza ba. Sai dai in za ka rubuta aikinka, ka jingina maganar ga masu ita, ka ce “sun ɗauka cewa”. In kuma ka ji shubuha ta fara zama a zuciyarka, ka dakata ka nemi malami.

Manhajar nan haramun ce, ko da wasa. Duba ne aka sa masa sabuwar riga, kuma ɗan'uwan kiban ƙuri'a ne da suratul Ma'ida, aya ta 90, ta kira ƙazanta daga aikin Shaiɗan. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Wanda kuwa ya gaskata shi, lamarinsa ya fi muni. Koyon haruffan a matsayin tsohon rubutu ba laifi. Ka faɗa wa 'yan ajinku da lalama su goge ta daga wayoyinsu.

Wallahu a'alamu.