Amsa kan maganar talauci da ɓacin hali a littattafan Turawa

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na saurari muryarki, inda kika ce marubutan nan na ƙarni na 19 wanke ɓarayi da karuwai kawai suke yi, su ɗora wa talauci laifin komai. To ni dai ban yarda ba, kuma bari in ba ki misali ɗaya da ya tsaya mini a rai.

Littafin Dostoyeski na Rasha, wanda ya fito a 1866, Laifi da Hukunci in mun fassara sunan. Akwai wata yarinya Soniya a birnin Fitasbag. Ubanta mashayi ne, matar uba na fama da tarin fuka, yara uku ƙanana na kukan yunwa a ɗaki ɗaya na haya. Matar uban ta yi ta gasa mata magana. Da yamma Soniya ta yafa mayafi ta fita. Da ta dawo, ko uffan ba ta ce ba, ta ajiye rubul 30, kuɗin Rasha, a kan tebur, ta lulluɓe kanta, ta kwanta tana fuskantar bango, jikinta na rawa. Matar nan da ta tunzura ta, ita ce ta durƙusa tana sumbatar ƙafafunta. Wallahi duk sanda na karanta wurin nan sai na ajiye littafin tukuna.

Kin ga marubucin bai ce abin da ta yi daidai ne ba. Ita kanta ta san zunubi ne, shi ya sa ta juya fuska. Abin da ya nuna shi ne yadda birni ke matse mutum: ba gona, ba rumbu, ba dangin da za a buga wa ƙofa, kuɗin haya kuma ba ya jira.

Sannan ki duba Raskolnikof a littafin. Shi ma talaka ne, ɗalibin da ya bar karatu, a ɗaki kamar akwati, amma da ya kashe tsohuwar nan mai ba da bashi da jingina, ai ko kuɗin bai ci ba, ƙarƙashin dutse ya ɓoye su. Girman kai ne ya ja shi, kuma littafin bai yi masa uzuri ba, a kurkukun Saberiya ya ƙare.

Haka Dikens, marubucin Ingila, ya yi a littafinsa Oliver Twist, da yaran Landan da wani tsoho Fagin ke koya wa yankan aljihu. Ki fara da na Rasha ɗin, in kin kai wurin Soniya ki turo mini murya.