Tambaya da Amsa: Dutse na tsinta ko iccen da ya zama dutse?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Muna ɗiban yashi a wani rafi bayan garin Daura sai shebur ɗina ya daki wani abu kamar guntun icce, har da zanen nan na jikin itace, amma nauyi kamar me, in ka ƙwanƙwasa shi ƙara yake kamar ƙarfe. Yayana yace marmara ce in jefar, abokina kuma yace ƙashin dinoso ne, dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare, in ɓoye za a saya da tsada. Maganar wa zan kama? Daga wani mai karatu a Daura.

AMSA: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Ni dai ina ganin su biyun duk sun kauce, amma kafin a duba dutsen sai a fara tambayar ƙasar da ya fito, nan ne mutane ke yawan ɓata.

Ka ga manyan duwatsun nan na wajen Dutsin-Ma, Kankara da Funtua, waɗanda ake fasawa a yi kankare da su? Asalinsu narkakken dutse ne da ya huce a can ƙarƙashin ƙasa, wannan zafin ba ya barin ƙashi ko ganye, to duk wanda yace maka ya samu burbushin halitta, wato ragowar dabba ko tsiro na zamanin da, a cikinsu ka dai yi mishi murmushi. Burbushi yana zama ne a dutsen da ya taru daga yashi da laka da farar ƙasa, hawa kan hawa kamar an jera tabarmi, kuma arewacin jihar Katsina ta wajenku akwai irin wannan ƙasar. Shi yasa ban yi watsi da maganarka ba.

Yadda ka siffanta shi yafi kama da iccen da ya zama dutse. Itace ne yashi ya binne shi, ruwa mai ɗauke da ma'adinin silika ya dinga ratsa shi a hankali har ya cike gurbin naman itacen, siffa ta zauna amma jikin ya koma dutse. Gwada shi: duba inda ya karye ko zanen ya shiga har ciki, in a fata kawai ya tsaya to ruwa da iska ne suka zana shi. Sannan ka goga gefensa a jikin kwalba, silika na karce gilashi.

Marmara kuwa ai kowa ya santa, ja ce mai tsatsa, ramukanta ba tsari, wani babba wani ƙarami. Ƙashi in ya karye cikinsa ƙananan ƙofofi ne kamar na soso, har masu binciken burbushi kan ɗan taɓa shi da harshe su ji ko zai kama, kai dai jiƙa yatsa ya isa, ba a san me rafin ya kwaso ba. Akwai kuma wani baƙin zane mai kama da reshen ganye da ake gani a fuskar wasu duwatsu, yana ruɗin mutane sosai alhali ma'adinin manganis ne kawai ya bi tsaga. Haka gatarin aradu da ake tsinta a gona, wancan aikin hannun mutanen da ne, ba halitta ba ce.

Abokin naka dai bai yi nisa da gida ba. A Gadufawa cikin jihar Agadas aka tono dinoso da wani ƙaton kada masu shekara wajen miliyan 110. A Sakkwato ma dutsen farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da shi cike yake da ƙwaryar halittun teku, don teku ya taɓa shimfiɗa a wajen, har akwai wata dabbar ruwa da aka raɗa wa suna daga garin Goronyo.

Yanzu kar ka fasa shi, kar ka shafa mishi mai ko fenti. Ɗauki hoto da biro a gefe don a gane girmansa, ka riƙe daidai inda ka samo shi da zurfin ramin, in ka samu mai zuwa Zariya a nuna wa sashen ilimin duwatsu na ABU. Batun kuɗi kuma ka faɗa wa abokinka ya kwantar da hankalinsa, irin wannan iccen ba shi da wuyar samu a inda yake, da wuya ya biya kuɗin motar Daura zuwa Kano.