Kada ki kori ƙawayenki daga kicin

'Yata,

Jiya muna wanke gwangwanaye kika tambaye ni abin da ya sami kek ɗin da kuka yi a gida ranar Juma'a, ke da ƙawayenki biyu da ƙanenki. Kin ce ya tashi har kuna tafi, daga baya tsakiyarsa ta lotsa, ƙasansa ya ƙone, cikinsa kuma ɗanye. Kika ce ko dai ki daina yi da su, ki riƙa yin abinki ke kaɗai, tunda a nan shago ba ya lalace miki. Masu kayan biki suna tsaye a kanmu, ban samu sukunin ba ki amsa ba, shi ya sa na zauna bayan isha'i nake rubuta miki.

Bari mu fara da wuta, don rabin matsalar a can take. A shago kina kunna oban ki sa shi a digiri 180, zafi ya kewaye gwangwani ta ko'ina. A gida kuwa tukunya kika ɗora a kan gawayi da yashi a ciki, zafinta duk daga ƙasa yake tasowa. Shi ya sa gindi ya ƙone tun ciki bai nuna ba. Yashin nan ya kai kaurin yatsu uku, ki rufe tukunyar ta yi kamar minti 15 a wuta kafin kek ya shiga. Kada gwangwani ya zauna a kan yashin kai tsaye, ki sa masa 'yan duwatsu uku ko wani tsohon murfi ya ɗan ɗaga shi. Sannan ki janye garwashin ƙasa ya zama kaɗan, ki kwashi wani ki zuba a kan murfin tukunyar, wuta ta zama sama da ƙasa. In kina son sanin ko zafi ya yi, barbaɗa fulawa kaɗan a faranti ki sa a ciki. In ta yi baƙi nan take, wuta ta yi yawa. In ta ɗauki 'yan mintuna tana sauya launi a hankali, to ki sa kek ɗinki.

Ba ki faɗa mini sau nawa aka buɗe murfin ba, amma na san yara huɗu a gaban tukunya mai ƙamshi. Wannan ta leƙa, waccan ta ce ita ba ta gani ba. Ki fahimci abin da ke faruwa a ciki. Bekin foda, idan ta jiƙa kuma ta ji zafi, iska take saki, ta cika kwaɓin da ƙananan kumfa. Kumfan nan su ke ɗaga kek. Amma ba su da abin jingina sai ƙwai da fulawa sun nuna sun daskare a kewayensu, kamar yadda ginin ƙasa ba ya ɗaukar azara sai ya bushe. Kika buɗe murfi kafin lokacin, zafi ya fice, kumfa su saki, tsakiya ta zauna, kuma ba ta ƙara tashi ko da kwana za ki yi kina hura wuta. Minti 25 na farko ba mai taɓa murfi. Bayan nan ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito fes ki sauke.

Sai awo. Kin ce kowa ya zuba wani abu. Ina kyautata zaton bekin foda ta shiga sau biyu, ko wata ta cika cokali ya yi tozo don ya fi tashi. Idan ta yi yawa kek kan yi tashin gaggawa, ya kumbura fiye da ƙarfin jikinsa, sannan ya faɗi, kuma ki ji wani ɗan ɗaci a harshe. Awon da na fara koya miki shi za ki riƙe har ya zauna a kanki: ƙwai 4 in an fasa sukan kai kusan giram 200, to bota 200, sukari 200, fulawa 200, bekin foda ƙaramin cokali 2 a shafe. Tsohon awo ne na Turawan Ingila, tun ƙarni na 18 suke yin sa da nauyin fam ɗaya-ɗaya na ƙwai, bota, sukari da fulawa, har sunan kek ɗin ma, "pound cake", daga fam ɗin ya fito. Ki lallaɓa Ummanku ta sayo ƙaramin sikeli. Kofi ba ya da amana a wajen fulawa: wadda ta danna da wadda ta ɗiba sama-sama, kofi ɗaya suka riƙe, amma ba fulawa ɗaya suka zuba ba.

Yanzu ga inda ƙawayenki za su yi miki rana. Buga bota da sukari da hannu aiki ne na minti goma ko fiye, sai ya yi fari ya yi sauƙi kamar kumfa, kuma dantse ɗaya gajiya yake yi ya tsaya a rabi. Ku yi karɓa-karɓa, wannan ta buga ta miƙa wa waccan. Ƙwai ɗaya-ɗaya zai shiga, a buga kafin a ƙara wani. Amma da zarar fulawa ta shiga, bugu ya ƙare, hannu ɗaya ne zai juya a hankali har fari ya ɓace, a tsaya. Alkama tana da danƙo a jikinta, kuma juyi ne ke tashe shi. A funkaso da fanke da gurasa danƙon nan muke nema, shi ya sa kike ganin ana bugun ƙullin funkaso har sai ya yi yauƙi yana bin hannu. Kek kuwa ba ya son sa ko kaɗan, in ya tashi sai ki ci abu kamar roba. Ki lura da yanayi ma. A bazarar Kano zafi kan wuce 40, bota ta narke ta koma mai, iska ba ta zama a cikinta, sai ki ɗora kwanon a kan ruwan sanyi. Da hunturu kuma ta yi tauri, yis ma ya yi nawa, fanke ya ƙi tashi sai an kai kwaɓin rana.

Batun ki koma yi ke kaɗai shi ya fi tsaya mini a rai, kuma ban yarda ba. Wannan sana'a tamu a tsakar gida aka haife ta, cikin mutane. Ni ina da shekara 12 aka fara zaunar da ni a tabarmar masu kayan gara, lokacin bikin yayata. Mata sun fi goma, wasu na murza dubulan, wasu na naɗa alkaki, turmi na can ana dakan nakiya, ni an ba ni wuƙa da faifai ina yanka cincin. Kakata tana zaune a kujera 'yar tsuguno kusa da kaskon suya, ba ta murza ba ta yanka. Ita ke auna komai, ita ke duba mai. Sai ta gutsuri ƙulli kamar ƙwayar gyaɗa ta jefa, in ya taso da sauri yana tsuwa ta ɗaga kai a zuba, in ya kwanta a ƙasa ta ce a dakata. Hira ake yi, ana dariya, ana tsokanar amarya, amma ba wadda ta isa ta ƙara ko da gishiri ba da saninta ba. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne, gaskiya ne, amma a tabarmar nan kowane hannu ya san aikinsa.

Abin da ya rage miki ki koya ke nan, kuma ya fi awon bota wuya: raba aiki. Kafin a fasa ƙwai ko ɗaya, ki jera kaya a aune a kwanoni, ki faɗa wa kowa nasa. Awo naki ne, wuta ma taki ce. Ɗaya ta tankaɗe fulawa, ɗaya ta fara bugu, ƙanenki ya shafe gwangwani da mai ya barbaɗa fulawa, kuma a ba shi agogo ya zama mai gadin murfi. Yaro in ka ba shi hana wasu, shi ma ba ya taɓawa. Ranar da kuka yi yawa kuma, ku bar kek, ku yi cincin ko gireba ko dubulan. Su suna son hannaye, kuma ɗan kuskure ba ya kashe su.

Suya ce kaɗai ba na so ku yi sai da babba a gida. Kin sha ganin tabon da ke bayan hannuna na dama. Ɗigon ruwa ne ya faɗa a mai mai zafi ina da shekarunki, har yau in sanyi ya shigo ina jin wurin. Hannu a bushe, mayafi a ɗaure ko a cire, hannun kasko a juya shi ciki, ƙananan yara a can nesa. In Allah Ya kawo tsautsayi aka ƙone, a sa wurin a ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20. Ba ƙwai, ba man goge baki, ba manja. In wurin ya yi faɗi ko ya tashi sosai, asibiti.

Kayan da kuke yi da su na Ummanku ne, ki riƙa tambaya kafin ki ɗiba, ku bar mata kicin a share, tukwane a kife. Yankan farko nata ne da Abbanku, sannan a leƙa da faranti gidan maƙwabta. Wancan da ya lotsa ma ina fata ba ku zubar ba, don gefensa yana ciyuwa da shayi.

Ranar Asabar ba mu da oda sai yamma. Ki nemi izinin iyayensu ki zo da su duka ukun da hantsi, ki taho da tukunyar taku da gwangwanin da kuka yi amfani da shi. Yashin ki tankaɗe shi ki wanke ki shanya tun ranar Alhamis ya bushe sarai. Ba za mu kunna oban ba, a bakin ƙofar baya za mu hura gawayi, ni zan zauna a gefe, ke za ki raba musu aiki.

Ki gaida mini Ummanku.