Ku Tambaya Mu Amsa: Wai ƙungiyar okestira kuɗi take rabawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Sudan ne, daga Omdurman, yaƙin da ya ɓarke a 2023 ne ya kawo mu Jidda wajen kawuna a Karantina. Tun a gida nake kaɗa kamanja, wato gogen Turawa, to anan na haɗu da wasu samari, yanzu mu tara ne, akwai masu kamanja huɗu da mai udu (garayar Larabawa) da mai sarewa da sauransu, duk daren Alhamis muna haɗa kuɗi mu kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, mu yi atisaye. Wani abokinmu yace a ƙasashen Turawa akwai ƙungiya ta ƙasa guda da duk okestira, wato manyan tawagogin makaɗa, ke shiga, ita ke basu kuɗi da kayan kiɗa. Dan Allah gaskiya ne, kuma mu ma zamu iya shiga a taimake mu? Kuɗin istirahar nan ya fara fin ƙarfinmu wallahi.
Daga mai karatunku a Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina ku koma gida lafiya. Abokin naku ya ji ƙira ne bai ga maƙera ba. Ƙungiyoyin suna nan, amma maganar raba kuɗi sai dai ince kusan akasin haka ne, don ku ne zaku riƙa biyan su kuɗin zama mamba duk shekara.

Ɗauki ta Amurka, League of American Orchestras. A 1942 aka kafa ta, kuma wata mata ce, Leta Snow, daga wani ƙaramin gari Kalamazoo ta tara mutane, saboda ƙananan okestira na garuruwa kowa na fama da matsalarsa shi kaɗai. Yau ofishinta na New York, mambobinta ɗaruruwa ne, kuma kowace tawaga tana biya ne daidai girman kasafinta, babba ta biya da yawa ƙarama ta biya kaɗan. Wani lokacin gidauniya kan bata kuɗi ta raba wa mambobi don wani shiri na musamman, amma albashin makaɗa da kuɗin zaure ba ruwanta, wannan kowa tashi ta fisshe shi.

To me ake biya a samu? Ka tuna ƙungiyar direbobi a tasha. Bata saya maka mota, bata zuba maka mai, amma ranar da hukuma ta fito da dokar da zata kashe sana'ar, ita ce mai bakin zuwa ta zauna da manya. Bari in baka misalin da kai mai kamanja zaka fi kowa ganewa. Ɗauko bakan da kake goga tsirkiya da shi ka duba can ƙarshensa, zaka ga wani ɗan farin abu siriri kamar farce. A tsofaffin bakuna masu tsada wannan abin hauren giwa ne. A 2014 Amurka ta tsaurara dokar haure don a daina kashe giwaye, abu mai kyau, sai dai kuma makaɗin da ya gaji bakansa tun daga malaminsa ya wayi gari yana tsoron kwastan su ƙwace masa a filin jirgi. Okestira guda kuwa tana tafiya da mutum 80 zuwa 100, fiye da rabinsu masu baka ne, kaga tafiya ta lalace kenan. Wannan ƙungiya da wasu irinta suka yi ta zarya wajen hukuma har aka yi wa kayan kiɗa sassauci a dokar da ta fito a 2016. Makaɗi ɗaya ko zai shekara yana rubuta takarda ba mai kula shi.

Haka a Ingila, tasu ana ce mata Association of British Orchestras, ita ce ke zama da ƙungiyar ƙwadagon makaɗa a yanke nawa za a biya makaɗin da aka ɗauko na wasa ɗaya ko biyu, kuma tana cikin waɗanda suka matsa har gwamnati ta fara yi wa okestira rangwamen haraji a 2016. Jamus kuma abin nasu ya rabu biyu, masu gidajen wasa da tasu ƙungiyar tun 1846, makaɗa da tasu tun 1952, su biyun ke zama su tsara albashi. Ka lura da wannan, don mutane na yawan cakuɗa su, ƙungiyar tawagogi daban, ta ma'aikata daban.

Sauran aikin nasu ba mai armashi bane amma ni a ganina shi yafi amfani. Suna tattara lissafi daga mambobi, nawa aka samu a tikiti, nawa aka kashe, sannan su maido wa kowa ya ga inda yake a cikin sa'o'insa. Daga irin wannan lissafin ne aka san cewa a Amurka kuɗin tikiti bai kai rabin abin da okestira ke kashewa ba, sauran sai masu hannu da shuni da gidauniyoyi. Suna kuma yin taron shekara, suna horar da manajoji, don wanda ya iya kiɗa ba lallai ya iya riƙe littafin kuɗi ba, kai ma inaga ka fara ganin haka a daren Alhamis ɗinku.

Yanzu mu dawo gida. Anan Saudiyya abin daga sama ya sauko. An kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, a 2020 aka buɗe Hukumar Kiɗa a ƙarƙashinta, ita ke riƙe da okestira da mawaƙan ƙasa, waɗanda suka je suka yi wasa a Faris da New York da Landan da Tokiyo. Wato kamar makaɗan fada ne a ƙasar Hausa, sarki ke ɗauke da su, shi ke basu riga da doki. Waccan ta Amurka kuwa tun asali okestirorin can aka yi wa ita, ko kun biya ba zata zo ta yi muku magana da kowa a Jidda ba. 

Abin da zan ce ku yi, ku leƙa reshen Jam'iyyar Al'adu da Fasaha na Jidda, tsohuwar jam'iyya ce tun 1973, ku tambaya ko suna da ɗakin atisaye ko wani shiri da zaku shiga. Hukumar Kiɗa ma tana da cibiyar koyarwa anan Jidda. Sannan kar ku kuskura ku karɓi kuɗin wasan biki ko taro sai kun tabbatar iƙamarku, wato takardar izinin zama, da sauran takardunku sun baku dama, ka dai san yadda ƙasar nan take da maganar takarda.

Kuɗin istiraha kuma, ku nemi wasu tawagogi biyu ko uku irin ku, nasan ba za a rasa ba tunda 'yan Sudan sun cika garin nan, ku je wajen mai istirahar tare kuce zaku kama wata guda, kowa da darensa, a rage muku. Ku sa mutum ɗaya ya riƙe littafi, kuma kar ya zama shi ne shugaban kiɗan.