Murar da ba ta jin magani: amsa ga mahaifiyar yaro mai atishawa

Assalamu alaikum 'yar'uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce ɗanki mai shekara 6 ya fi wata biyu yana atishawa kowace safiya, majina na zuba kamar ruwa, yana murza ido, da dare kuma tari ya hana shi barci. An ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta har sau uku babu sauƙi, shi ne kike tambaya ko sanyi ne ya shige shi. Ni ba likita ba ce, amma shekara takwas ke nan nake jinyar irin wannan a jikin 'yata, kuma yadda kika kwatanta ɗin nan tamkar ita kike gani.

Mura ta gaskiya ba ta cika wuce kwana 7 zuwa 10 ba, kuma takan zo da zazzaɓi ko ciwon jiki. Idan aka yi makonni ana atishawa babu zazzaɓi, ga ƙaiƙayin ido da hanci, to a fara tunanin abin da likitoci ke kira alaji. Wato garkuwar jikin yaron ce take ɗaukar abin da ba ya cutarwa, kamar ƙura, a matsayin abokin gaba, sai ta saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ne ke kawo atishawa da hawaye da ƙaiƙayi, shi ne kuma ke tayar da borin jini a fata. Babu ƙwayar cuta a ciki, shi ya sa maganin da kike ba shi bai taɓa komai ba.

Abin yana bin jini. Ki duba danginku da na babansa, da wuya ki rasa mai asma ko mai ƙaiƙayin fata.

Mu kam a Kano abin ya yi mana yawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, ga hayaƙin adaidaita sahu da na janareta duk shekara. Amma abin da ya buɗe mini ido shi ne shawarar da likita ta ba ni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano: in samu littafi, in riƙa rubuta ranar da abin ya tashi da abin da ya faru kafin nan. Cikin wata ɗaya na gane ashe a cikin ɗakina matsalar take. Duk daren da na sa turaren wuta ko na kunna maganin sauro, a daren take tari. Duk ranar da aka share kafet tana ɗakin, sai atishawa. Wallahi barin turaren ya yi mini wuya, kin san mu da turare, amma numfashin 'yata ya fi. Na naɗe kafet na koma leda, na daina shara da tsintsiya a busasshen ɗaki, sai goge da jiƙaƙƙen tsumma. Muka koma gidan sauro. Zanin gado ina wanke shi da ruwan zafi duk mako, katifa da filo a shanya su a rana, saboda akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani da ke zama a cikinsu. Kyankyaso ma yana tayar da shi, don haka ki kula da kicin.

Wajen magani, Piriton yana aiki amma yana sa barci, yaro ya je makaranta yana gyangyaɗi. Loratadine da cetirizine sun fi sauƙi ta wannan fannin, amma likita ne zai auna gwargwadon shekarunsa. Abin da nake roƙonki da Allah, kada ki yarda a kemis a haɗa miki dexamethasone ko prednisolone ki riƙa ba shi kullum. Za ki ga sauƙi nan take, amma daɗewa a kansu yana kumbura fuska, ya raunana ƙashi, ya tauye girman yaro. Haka maganin ɗigawa a ido mai ɗauke da irin su dexamethasone ɗin nan, yana iya lalata gani idan aka daɗe ana sa shi ba da sanin likitan ido ba.

Tarin daren nan shi ya fi tsaya mini a rai. Ki kasa kunne a ƙirjinsa yana barci, ko kuma bayan ya yi guje-guje. In kin ji numfashi na fita da ƙara kamar fito, ki faɗa wa likita a duba asma. Idan aka rubuta masa abin shaƙa, kada ki ji tsoron maganar mutane cewa wanda ya fara ba ya dainawa. Ni na ɓata kusan shekara ina gudunsa saboda wannan magana, yarinya tana wahala a banza.

Idan kuwa wata rana ya ci wani abu, kamar gyaɗa ko ƙwai ko kifi, ko ya sha magani irin Septrin, kika ga leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi yana sarƙewa, kada ki tsaya neman manja ko jiran gari ya waye. Ki ɗauke shi zuwa sashen gaggawa mafi kusa, asibitin Murtala ko na Hasiya Bayero ko duk wanda ya fi kusa da ku, domin allurar adrenalin ake buƙata cikin mintuna. Ki tafi da kwalin abin da ya sha ko ragowar abin da ya ci a nuna wa likita.