Mahaifina na son ƙare rayuwarsa a Madina: akwai bizar zama ta masu ritaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya yi ritaya daga aikin gwamnati a nan Kano bayan shekara 35 yana hidima, yanzu yana da shekara 68, kuma ba shi da wani buri da ya wuce ya koma Madina da zama har Allah Ya karɓi ransa a can. Wani ejan ya ba mu shawarar a yi masa bizar Umara, in ya je kawai ya yi zamansa, wai ba a kula tsofaffi, in ma an kama mutum tara ce 'yar kaɗan. Wani abokina kuma ya ce Dubai na ba masu ritaya bizar zama, daga can zuwa Madina ba nisa. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma wane hukunci ke kan wanda ya wuce wa'adin bizarsa? Daga wani mai karatu, unguwar Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka maka da alheri bisa wannan kulawa, Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Burin da yake da shi buri ne mai daraja, domin hadisi ya zo a Tirmizi daga Abdullahi ɗan Umar yana kwaɗaitar da wanda ya sami iko ya rasu a Madina, kuma kakanninmu da yawa sun bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, wasu shekara da shekaru suna tafiya, da niyyar in sun isa ba za su dawo ba. Zuriyarsu na nan a Makka da Jidda da Madina har gobe. Sai dai zamanin da mutum zai isa ya shimfiɗa tabarmarsa ya zauna ya wuce, kuma gara in faɗa maka tun farko cewa Saudiyya ba ta da wata biza da ake ba baƙo don kawai ya tsufa ko ya yi ritaya. Shawarar da ejan ɗin nan ya ba ku kuwa, in aka bi ta, Baba ne zai ɗanɗana kuɗarta.

Zaman baƙo a Saudiyya ya rataya ne a kan igama, wato katin izinin zama, kuma a bisa al'ada ana samun igama ne ta hannun kafili, kamfani ko mutumin da ya ɗauki baƙon aiki, ko kuma ta hanyar zama iyalin wani mai igama. Dattijo mai shekara 68 da ya ajiye aiki ba ya cikin waɗanda ake ɗauka aiki, kuma sayen igamar aiki a hannun kafilin da ba za a yi wa aikin ba laifi ne mai zaman kansa. Ƙofar da ta rage ita ce igama ta musamman da aka ɓullo da ita a shekarar 2019, wadda ba ta buƙatar kafili. Kala biyu ce tun asali: ta dindindin, wadda ake biyan riyal 800,000 sau ɗaya, da ta shekara ɗaya da ake sabuntawa, wadda ake biyan riyal 100,000 duk shekara. A watan Janairun 2024 an ƙara wasu rukunai, na ƙwararru da masu baiwa ta musamman da masu zuba jari da masu kafa sababbin kamfanoni, da kuma na wanda ya mallaki gida da darajarsa ba ta gaza riyal miliyan 4 ba. Da yake dala ɗaya riyal 3.75 ce a ƙayyadadden farashi, riyal 800,000 ya haura dala 213,000 da kaɗan, kuma ka iya leƙawa kasuwar 'yan canji ta Wapa ka ji nawa ke nan a naira a farashin ranar. Ban da kuɗin, sai mai nema ya gabatar da shaidar cewa yana da abin riƙe kansa, da takardar lafiya, da shaidar cewa ba a taɓa kama shi da laifi ba. Akwai attajiran Kano da wannan ba zai gagare su ba, amma fansho da garatutin ma'aikacin gwamnati ba su kai nan ba.

In Baba na da ɗa ko 'ya da ke aiki a Saudiyya da igama mai kyau, to akwai sauƙi kaɗan, domin mai igama na iya nema wa iyayensa bizar ziyarar iyali. Amma ita ma ziyara ce mai wa'adi, ana tsawaita ta ne kafin ta ƙare, gwargwadon abin da hukumar fasfo ta ƙasar, wato Jawazat, ta amince, kuma ba a barin mai irin wannan biza ya shiga Makka ko ya zauna a cikinta a lokacin aikin Hajji.

Yanzu mu zo ga bizar Umara, tunda a kanta shawarar ejan ta tsaya. Tun shekarar 2022 aka ƙara wa'adinta daga kwana 30 zuwa kwana 90, kuma mai ita na iya zagaya sauran biranen ƙasar. Wannan sassauci ne babba, amma akwai wani abu da mutanenmu ke yawan mantawa, wato kakar Umara na da ranar rufewa gabanin Hajji, kuma wannan rana na yanke wa'adin kowa ko da kwanakinsa 90 ba su cika ba. A shekarar 2025, misali, hukumomi sun sa 1 ga Zulƙida, daidai da 29 ga Afrilu, a matsayin ranar ƙarshe da duk mai bizar Umara zai bar ƙasar. Duk wanda ya kwana ɗaya bayan wa'adinsa ya shiga sahun masu karya dokar zama, kuma doka ba ta ware tsoho ba.

Hukuncin hawa-hawa ne. A karo na farko tarar riyal 15,000 ce da kora daga ƙasar, a karo na biyu riyal 25,000 da ɗaurin wata uku da kora, a karo na uku kuma riyal 50,000 da ɗaurin wata shida da kora. Riyal 15,000 dala 4,000 ke nan, ka ga ba tara ce 'yar kaɗan ba. Wanda kuma aka kama yana ƙoƙarin yin Hajji ba tare da izini ba, kamar yadda masu maƙalewa bayan Umarar azumi kan yi, hukuncin da aka shelanta a 2025 shi ne tarar da ta kai riyal 20,000, da kora, da hana shi shiga ƙasar har shekara 10. Ka lissafa shekara 10 a kan shekarun Baba. Mutumin da ya bar gida don kusantar Haramin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya wayi gari an rufe masa ƙofar baki ɗaya a shekarun da yake da sauran ƙarfin yin ɗawafi da ƙafarsa. Wannan ita ce asarar da ta fi damuna, fiye da kuɗin tarar.

Batun wai ba a kula tsofaffi kuwa, magana ce ta zamanin da ake duba fasfo da ido a buga hatimi. A yau duk wanda ya sauka a filin jirgin Jidda ko na Madina sai an ɗauki hoton yatsunsa da na fuskarsa, kwamfuta ce ke ƙirga masa kwanaki, kuma ko ya jefar da fasfonsa yatsunsa za su faɗi sunansa da ranar da ya shiga. Ma'aikatar cikin gida ta Saudiyya na fitar da alƙaluman kame duk mako, kuma ba abin mamaki ba ne a ji adadin ya kusanci mutum 20,000 a mako guda. Wanda aka kama a yankin Makka da Jidda akasari ana kai shi cibiyar tsare baƙi ta Shumaisi, wurin da mutanenmu ke kira tarhil, ya jira a kammala takardunsa a sa shi a jirgi.

Ko da ba a kama mutum ba, ina so ka dubi irin zaman da zai yi. Ba zai iya kama hayar ɗaki da sunansa ba, ba zai buɗe asusun banki ba, layin waya ma sai da takardun shaida, kuma duk tafiya tsakanin Madina da Makka sai an ratsa shingayen bincike. Abin da ya fi tsanani ga dattijo shi ne asibiti, domin hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙafa na buƙatar ganin likita a kai a kai, alhali marar takarda gudun asibiti yake yi don kada a gano shi. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa ofishina da mahaifiyarta, wadda ta shafe shekara huɗu a ɓoye a can kafin a dawo da ita. Tsohuwar ta sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da leda ɗaya a hannu da silifas a ƙafa, idonta ɗaya ya riga ya tafi saboda yanar da aka bari ta yi yawa, kuma ta shaida mini cewa a shekarun nan huɗu sau da yawa tana jin kiran sallar Harami daga ɗakin da take amma tsoron kame ya hana ta fita. Abin da ya kawo su wurina shi ne neman hanyar da za ta koma, ni kuwa ba ni da amsar da za ta faranta musu rai.

Laifin kuma ba ya tsayawa a kan mai shi kaɗai. Wanda ya ba marar takarda masauki ko aiki, ko ya ɗauke shi a mota, ko ya ɓoye shi, na fuskantar tarar da ta kai riyal 100,000 da ɗaurin da ya kai wata shida, in shi ma baƙo ne a haɗa masa da kora. Saboda haka ɗan'uwan da zai karɓi Baba a Madina don zumunci, igamarsa da abincin 'ya'yansa yake sawa a haɗari. Kamfanin Umara da bai kai rahoton wanda ya maƙale ba shi ma ana cin sa tarar da ta kai riyal 100,000, shi ya sa kamfanin da ke da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa kuma yake tsoron sunansa ba zai taɓa ba ku irin wannan shawara ba. Ka tambayi ejan ɗin ya nuna maka lasisinsa, ka kuma nemi ya rubuta maka shawarar tasa a takarda ya sa hannu.

Abokinka ya yi gaskiya game da Dubai. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na da bizar masu ritaya ta shekara biyar da ake sabuntawa, ga wanda ya kai shekara 55, amma sai ya mallaki gida na dirhami miliyan 1, ko ajiyar banki ta dirhami miliyan 1, ko kuɗin shiga tabbatacce da ya kai adadin da hukuma ta ƙayyade. Tarar wuce wa'adi a can dirhami 50 ce kowace rana, tana taruwa har ranar da mutum zai fita. Kuma ko Baba ya samu wannan biza, a Dubai zai zauna da tsadarta, duk ranar da zai je Madina sai ya nemi izinin shiga Saudiyya. Ban ga abin da hakan zai ƙara masa a kan zamansa a Gwammaja cikin jikokinsa ba.

Haka tsarin yake kusan ko'ina, ƙasa na sayar da izinin zama ne ga tsohon da zai kawo kuɗi kuma ba zai zame mata nauyi ba. Tailan na ba wanda ya kai shekara 50 in ya ajiye bat 800,000 na kuɗin ƙasar a banki ko yana samun bat 65,000 a wata, tana kuma cin tarar bat 500 a kowace ranar da aka wuce, har zuwa bat 20,000, wanda ya haura kwana 90 kuma a hana shi dawowa tsawon shekara ɗaya. Amurka ba ta da bizar ritaya sam, kuma wanda ya wuce wa'adinsa da fiye da kwana 180 ana hana shi komawa shekara 3, wanda ya cika shekara guda kuma shekara 10. Ƙasashen Turai masu bizar bai ɗaya kwana 90 suke ba baƙo a cikin kowane kwana 180.

Da Baba mahaifina ne, abin da zan yi shi ne in mayar da kuɗin da za a kashe a wannan kasada zuwa Umara mai tsawo ta halal. Kwana 90 ba kaɗan ba ne: in ya shiga a tsakiyar Rajab zai sami rabin Rajab da Sha'aban da azumi gaba ɗaya, ya yi sallar Idi a can, ya dawo Kano a farkon Shawwal da sauran kwanaki a bizarsa, sannan ya sake komawa wata shekarar in Allah Ya hore. A yi yarjejeniya a rubuce da kamfani mai lasisi kan tsawon zaman da masauki da ranar dawowa, a tabbatar fasfonsa na da sauran aƙalla wata shida, a kuma rubuta ranar ƙarewar wa'adin a takarda a manna masa a bayan fasfon, tare da barin tazarar mako guda saboda jinkirin jirgi ko rashin lafiya. Ajali kuwa yana hannun Allah, in an rubuta masa kwanciya a maƙabartar Baƙi'a ta Madina, cikin waɗannan kwanaki ma zai same shi, yana da takardunsa cif.

In kuma kuna da wani ɗan'uwa da ya riga ya wuce wa'adinsa a can, kada ya zauna jiran afuwa. Saudiyya ta taɓa yin afuwa a 2017, ta ba masu karya dokar zama kwana 90 su fita ba tara, Daular Larabawa ma ta yi daga Satumba zuwa Disambar 2024, amma babu wanda ke da alkawarin ranar da za a sake yin wata. Ya nufi ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda, in fasfonsa ya ɓata ko ya ƙare a ba shi takardar tafiya ta gaggawa, daga nan a bi ta Jawazat a daidaita batun tara da izinin fita.